DIREBAN BABBAR MOTA: A CI MORIYAR GANGA A YA DA KWAURENTA

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu manyan motoci, tun daga Apapa har zuwa Ogere, tun daga Sabon Badun har zuwa Maraban Jos, watau wai direbobin kirki sun ƙare. Duk inda aka zauna sai a ji wani Alhaji yana kuka da yaran zamani, wai ba su da haƙuri, ba su da amana, yau ka danƙa wa yaro makullin tirela, kafin shekara ta zagayo ya ajiye maka abinka ya kama gabansa. Daga nan sai a gangara yabon mutanen da, waɗanda suke yin shekara ashirin a hannun ubangida ɗaya ba a taɓa jin kansu ba. Masu sauraro kuwa sai su riƙa gyaɗa kai, saboda wanda yake maganar shi ne ya sayi goron da ake ci.

To, wannan magana rabinta gaskiya ne, kuma rabin gaskiya ya fi ƙarya tsagwaronta haɗari. Haƙiƙa direbobi ba su daɗewa a sana'ar kamar da. Amma dalilin da ake bayarwa na bogi ne, an ƙirƙiro shi ne don a ɗora wa mai rauni laifin mai ƙarfi. Mafi yawan waɗanda ake cewa sun bar tuƙi ba barinsa suka yi ba, tuƙin ne ya tauna su ya tsotse daɗin ya tofar da tuƙar. Duk ɗan Arewa mazaunin Kudu ya san haka ko da bai taɓa faɗa ba, domin kuwa yana ganin tuƙar a gabansa kullum. Dattijon da yake gadi a ƙofar wani gida a Ikeja, da wanda yake kamasho a kasuwar Mile 12, da mai ɗingishin nan da yake zaman teburin mai shayi a Agege, a tambaye su aikinsu na fari. Ba a rasa wanda zai zaro tsohon lasin daga aljihu ya nuna.

Kafin a ƙidaya shekarun da direba yake yi a kan sitiyari, wajibi ne a fara ƙidaya waɗanda yake yi a bayan mota, domin su ne ake sacewa ba a sa su a lissafi. Babu wanda yake wayen gari ya zama direban tirela. Yaro yakan shiga ne a matsayin yaron mota, wanda bakin mutane ya raɗa wa suna karen mota, kuma sunan kaɗai ya isa ya nuna darajar da aka ba shi. Shi ne mai wanke mota, shi ne mai ɗaure tamfol, shi ne mai dirowa a guje ya tokare taya idan an tsaya a hawa, shi ne mai kwana a ƙarƙashin mota yana gadin batir da gas alhali Oga yana barci a masauki. Wani yakan yi shekara uku a haka, wani biyar, wani ma ya haura, gwargwadon imanin ubangidansa. A duk tsawon wannan lokaci ba shi da albashi, sai kuɗin abinci da ɗan abin da aka ga dama aka miƙa masa. Ana fara ba shi mota ne ya gyara mata tsayuwa a gareji, sa'an nan ya ja ta inda hanya ta miƙe da tsakar dare, lokacin da barci ya ci ƙarfin Oga. A can ne akasarin direbobin ƙasar nan suka yi makarantarsu, a cikin duhu, da tan talatin a bayansu.

Da yawa daga nan suke zamewa. Ba a kiransu direbobin da suka bar aiki, tun da ba su kai ga samun sunan ba, amma su ne kaso na farko da sana'ar take zubarwa. Yaron da ya ga ya shekara huɗu yana wanke taya, ga sa'ansa da ya kama Keke Napep har ya yi aure, ai ba rashin haƙuri ba ne idan ya sake shawara. Lissafi ne ya yi, kuma lissafin nasa daidai ne.

Me ya sa mutanen da suka jure wannan bauta, har suka ƙara shekara ashirin a kanta? Amsar ba a jininsu take ba, a tsanin da ke gabansu take. A zamanin da ana ganin ƙarshen tsanin da ido. Yaron mota ya zama direba, direba ya yi tattali, maigida ya sayar masa da tsohuwar mota yana biya kaɗan kaɗan, shi ma ya wayi gari mai mota, ya je Makka, ya ɗauki nasa yaran. Direba mutum ne mai daraja a gari, wanda ya ga Ikko ya ga Fatakwal ya ga Anacha, ana sauraron labarinsa, har marigayi Alhaji Mamman Shata Katsina ya ga ya cancanta ya yi wa direbobi waƙa kamar yadda yake yi wa sarakuna da attajirai. A ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980 ana harhaɗa manyan motoci a cikin ƙasar nan: Steyr a Bauchi, Fiat a Kano, Leyland a Badun, Marsandi a Inugu. A 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja. Mai albashin direba yana iya yin mafarkin mallakar mota ba a ce ya taɓu ba.

Wannan tsani ya karye. Tun daga shirin tsuke bakin aljihu na 1986 naira ta kama gangara, masana'antun harhaɗa motocin nan suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, aka koma dogaro da kwancen motocin Turai, daga baya kuma da na Sin. A 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500. Man gas da ake saye wajen naira 300 kowace lita a farkon 2022 ya kai naira 800 a cikin wannan shekarar, daga bisani ya tsallake naira 1,000. Kan tirela ɗaya, ko kwance ne, kuɗinsa miliyoyin naira ne barkatai, taya guda ma ta fi ƙarfin abin da direba yake samu a tafiya ɗaya. To, a gaya wa jama'a, shekara nawa mutum zai yi yana tara ragowar kuɗin hanya kafin ya sayi tasa? Masu motocin da suke yabon haƙurin mutanen da sun manta, ko kuwa sun yi kamar sun manta, cewa wancan haƙuri yana da ladan da ake gani a duniya. Su kansu da yawansu ta wannan tsani suka hau. Da suka kai sama tsanin ya faɗi, sai suka leƙo ƙasa suna zagin waɗanda suka kasa tashi sama ba fiffike.

Sai kuma a duba yadda ake biyan direba, domin a nan ne cutar take. Ban da 'yan manyan kamfanoni masu biyan albashin wata, akasarin direbobi a kan tafiya ake sallamarsu. A ƙiyasta gas, a ba da kuɗin hanya, abin da ya rage bayan an sauke lodi shi ne rabon direba da yaransa. Ma'anar wannan ita ce duk wani jinkiri da aka samu, ko wane ne ya jawo shi, a jikin direba yake ƙarewa. Mai kaya ya yi kwana uku bai sauke ba, direba ne yake cin kuɗinsa a zaune. Gada ta karye, kamar yadda ta Tatabu tsakanin Mokwa da Jabba ta yi a watan Yuni na 2017, direba ne yake kwana a daji. Mota ta lalace a Tegina, Alhaji ya ce sai an ga yadda za a yi, direba ne yake mako guda yana jiran bakanike da kayan gyara, kuma babu wanda zai biya shi wannan mako. Idan tanka ce aka auna aka ce man bai cika ba, ko da zafin rana ne ya rage shi ko ma'aunin ne bai da gaskiya, wuyan direba ake fara kamawa.

Mazauna Ikko ba su bukatar a ba su labarin abin da ya faru a Apapa daga 2017 zuwa 2020, lokacin da layin tireloli da tankoki ya taso daga bakin tashar jiragen ruwa ya bi ta Ijora, ya hau gadoji, ya miƙe har hanyar Ikorodu. Jaridu sun yi ta kuka da cunkoso, da asarar da 'yan kasuwa suka yi, da nauyin da aka ɗora wa gadoji. Daidai ne. Amma a cikin kowace mota daga cikin dubban nan akwai mutum biyu ko uku da suke kwana da kwanaki, wasu makonni, a kan kwalta, ba bayan gida, ba wurin wanka, ba wurin alwala, ga masu kaki da 'yan iskan gari suna bi suna karɓar na goro a kowane taku. Wanda ya matsa daga motarsa ya rasa layinsa, ko ya dawo ya tarar an kwance masa batir. Sai da Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamiti na musamman a 2019, sa'an nan Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta fito da tsarin kiran motoci ta na'ura mai suna Eto a watan Fabrairu na 2021, kafin abin ya yi sauƙi. Waɗancan makonni da aka ci daga rayuwar direbobi kuwa sun tafi ke nan, babu wanda ya biya su ko sisin kwabo.

Daga Ikko zuwa Kano tafiyar ta haura kilomita 1,000. Jirgin ƙasa ya isa Kano tun 1911, kuma shi ne ya kamata ya riƙa ɗaukar siminti da taki da hatsi da man fetur, amma aka bar shi ya lalace, aka juye nauyin ƙasa gaba ɗaya a kan kwalta da kuma gadon bayan direba. Babbar hanyar Ikko zuwa Badun, wadda aka buɗe a 1978, an fara sake gina ta a 2013 aka kwashe shekara goma ana abu ɗaya. Wanda ya wuce Ilori ya haye Jabba ya isa Mokwa, sai ya zaɓi ɗaya cikin biyu: ko ya bi ta Tegina da Birnin Gwari, dajin da 'yan bindiga suka yi shekaru suna tare hanya a cikinsa, ko ya bi ta Bida da Lambata, hanyar da ramukanta suka sa direbobin tanka da tirela suka toshe ta don fushi a 2021. A tsakanin waɗannan kuma ga shingaye ba iyaka, na hukuma da na waɗanda suka naɗa kansu hukuma, kowa da takardar harajinsa, kowa da sandarsa mai ƙusoshi.

Jikin ɗan Adam ba ƙarfe ba ne, ko da yake ƙarfen ma yana gajiya. Mutumin da yake zama sa'o'i goma sha wani abu a kan kujerar da take jijjiga shi, yana shaƙar hayaƙin gas, yana cin abin da ya samu a bakin hanya, yana riƙe fitsari don kada ya tsaya a mugun wuri, yana ƙura wa fitilun motoci ido dare bayan dare, ba ya bukatar likita ya gaya masa abin da ke tafe. Ciwon baya ne yake fara sallama, sai basir, sai hawan jini, sai ciwon suga, sai ido ya fara hazo da magariba. Direban da ya ji idonsa ya fara raguwa ɓoyewa yake yi, domin ya san ranar da Alhaji ya sani ranar ce ta ƙarshe. Saboda haka sai ya ci gaba da tuƙi da rabin gani har sai abin da ake gudu ya auku, ko kuwa ya ji tsoron Allah ya miƙa makulli da kansa. Ana yi masa godiya, a ba shi kuɗin mota zuwa gida, wani lokaci a haɗa masa da turmin shadda. Wannan shi ne fansho na mutumin da ya ba da ƙuruciyarsa duka. Mai mota ya san ranar da ya sayi kowace taya da ranar da za ta ƙare, yana kuma ware kuɗin maye gurbinta. Direba ne kaɗai kayan aikin da ba a ware wa komai.

Ga kuma wata ƙofar fita da ba a dawowa ta cikinta. Idan babbar mota ta yi haɗari a cikin gari, abin da direba yake fara yi in yana da sauran numfashi shi ne gudu, domin ya san taron jama'a ba ya tambayar ko birki ne ya tsinke ko wane ne ya ƙi sayen sabo. Idan rikicin ƙabilanci ya ɓarke, kamar na kasuwar Shasha a Badun a watan Fabrairu na 2021, mota mai ɗauke da kayan Arewa ita ce abin da ake fara hangowa. Tun da aka fara tilasta zaman gida na ranar Litinin a jihohin Kudu maso Gabas a 2021, an sha tare manyan motoci ana ƙonawa, an kuma rasa rayukan direbobi da yaransu. A watan Maris na 2025 aka sauke matafiya daga wata babbar mota a Uromi ta Jihar Edo aka kashe mutum 16, mafarauta ne da suka taso daga Fatakwal za su gida yin Salla. Kada kuma wani ya ɗauka abin na ƙabila ɗaya ne. Direba Bayarabe ko Inyamuri da ya faɗa hannun masu garkuwa da mutane a dazukan Arewa, ƙaddararsa ɗaya da ta ɗan'uwansa Bahaushe, kuma iyalinsa ne za su bi dangi suna haɗa kuɗin fansa, ba mai kayan da ya ɗauko ba. Matar da ta ga an kawo gawar maƙwabcinta a bayan motar da ya tuƙa, idan ta roƙi mijinta ya haƙura da hanya ya dawo ya kama noma, wa zai ce ta yi laifi?

Masu motoci suna da amsa, kuma adalci ne a saurare ta. Sukan ce direbobin ai su ma ba waliyyai ba ne: suna zuƙe gas su sayar a hanya, suna loda fasinja a kan kaya su zuba kuɗin a aljihu, suna shan ƙwaya, suna gudun wuce sa'a, suna ɓata dare a Tafa da Ogere wajen abin da bai kamata ba. Duk wannan yana faruwa, kuma babu mai hankalin da zai wanke direban da ya bugu ya hau kan mutane. Wanda ya sha Tramadol ya kama sitiyari ya ɗauki alhakin duk ran da ya salwanta, kuma talauci ba hujja ba ne a gaban Allah. Amma ruwa ba ya tsami banza. Wane ne ya ƙiyasta gas ɗin da ya san ba zai kai mota ba, ya bar direba ya san yadda zai yi? Wane ne ya ce a taso daga Kano yau, jibi da asuba yana son ganin kaya a Ikko, alhali ya san hukumar kiyaye haɗurra ta ƙayyade wa tirela da tanka kilomita 60 a sa'a ko a kan babbar hanya? Mutum ba ya iya yin kwana biyu ido biyu da ƙarfin goro da shayi kaɗai. Wanda ya tsara tafiyar da ba ta yiwuwa sai da ƙwaya, ya sayi ƙwayar ko da bai taɓa ganin ta ba. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, kowa yana taka nasa ya hango na wani.

Ita ma hukuma ta wannan fuska take kallon al'amarin. Bayan gobarar tanka a gadar Otedola ranar 28 ga Yuni, 2018, wadda ta cinye motoci fiye da 50, da ta Majiya a Jihar Jigawa a watan Oktoba na 2024, wadda ta halaka mutum fiye da 150, da ta mahaɗar Dikko a Jihar Neja a watan Janairu na 2025, inda fiye da 80 suka rasu, gwamnati ta hana tankoki masu cin lita 60,000 ɗaukar mai daga ranar 1 ga Maris, 2025. Mataki ne mai kyau. Sai dai an auna cikin tanka, ba a auna barcin mai tuƙa ta ba. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ƙayyade wa direba sa'a 9 na tuƙi a rana, da hutun minti 45 bayan kowace sa'a huɗu da rabi, kuma akwai na'ura a cikin motar da take rubuta komai, in an karya doka har kamfanin ake ci tara. A Amurka sa'a 11 ne, kuma tun watan Disamba na 2017 aka wajabta na'urar lissafin sa'o'i. A nan kuwa abin da ake tambaya a shinge kowa ya san shi.

Abin mamaki, kukan nan na ƙarancin direbobi ba a Apapa aka fara shi ba. A Amurka ƙungiyar masu manyan motoci ta yi shekaru tana yin sa, alhali alkalumanta da kanta sun sha nuna cewa a manyan kamfanonin dogon zango adadin direbobin da ake sauyawa a shekara yana haura kashi 90 cikin 100, akasarinsu suna tsalle ne daga wannan kamfani zuwa wancan, kuma sababbin shiga su suka fi saurin ficewa. A 2019 wani nazari da ofishin ƙididdigar ƙwadago na gwamnatin ƙasar ya buga ya nuna cewa kasuwar direbobi ba ta bambanta da sauran kasuwannin aiki ba, watau in aka kyautata lada za a samu masu yi. Ingila ta gwada wannan da kanta a 2021, lokacin da gidajen mai suka bushe don rashin masu tuƙa tanka har aka fito da sojoji, kamfanoni suka shiga ƙara albashi suna zawarcin waɗanda suka bar aikin. Ashe dai abin da ake kira ƙarancin direbobi, a can da nan, sunansa na gaskiya ƙarancin lada.

Ba kuma a rasa doka ba ne a Nijeriya. Dokar Ƙwadago ta wajabta wa duk wanda ya ɗauki ma'aikaci ya ba shi takardar sharuɗɗan aiki a rubuce kafin wata uku su cika. Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ce mai ɗaukar aiki ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya a asusun da za a biya wanda ya ji rauni ko iyalin wanda ya mutu a bakin aiki. Dokar Fansho ta 2014 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki kashi 10, ma'aikaci kashi 8, kuma a 2019 aka buɗe ƙaramin tsarin fansho don masu sana'ar hannu da waɗanda ba su ƙarƙashin manyan kamfanoni. A shiga garejin tireloli na Ogere a tara direbobi a tambaye su wanda yake da takardar ɗaukar aiki ya ɗaga hannu. Ana fakewa ne da cewa ai direba ɗan gida ne, tsakaninsa da Alhaji amana ce, ba sai an kawo takarda ba. Wannan amana mai ban sha'awa ba ta hana Alhaji karɓar rasit idan ya sayi taya.

Ƙungiyoyi fa? Ƙungiyar ma'aikatan sufuri ta NURTW tana nan tun 1978, kuma babu ranar da ba a yankar tikiti a tasha. Direban da ya shekara ashirin yana biya yana da haƙƙin ya tambaya ina kuɗinsa suka shiga, kuma me aka tanadar masa ranar da ƙafarsa ta kasa taka kuloci. Direbobin tanka da suke ƙarƙashin NUPENG sun fi sauran ƙarfi, domin in suka ajiye makulli kwana biyu ƙasa takan tsaya cik. A watan Fabrairu na 2024 ƙungiyar masu motocin haya ta NARTO ta janye motocinta saboda tsadar gas, nan da nan aka kira ta Abuja aka zauna a kan kuɗin dako. A watan Satumba na 2025 NUPENG ta shiga yajin aiki a kan 'yancin direbobin sababbin motocin matatar Ɗangote na shiga ƙungiya. Duk waɗannan sun nuna cewa ana iya girgiza gwamnati idan an so. Abin da ake jira shi ne ranar da za a girgiza ta a kan sa'o'in tuƙi, da wuraren kwana masu tsaro da ruwa a Jabba da Mokwa da Lokoja, da gwajin ido da na jini kyauta, da fanshon tsohon direba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, an daɗe ana yi, kurar kuwa tana biyan kuɗin ƙungiya.

Saura kuma 'yan'uwa mazauna Kudu, domin hannunsu bai fita daga cikin wannan al'amari ba. Lokacin da ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi ta tsayar da kai kaya Kudu a ƙarshen Fabrairu na 2021, cikin kwanaki kaɗan farashin tumatir da albasa da nama ya yi tashin gwauron zabi a Ikko, a Arewa kuwa kayan gwari suka riƙa ruɓewa a kasuwa. Kowa ya ga abin da mota take yi wa cinikinsa. Amma dillalin tumatir na Mile 12 shi ne mai damun direba da waya tun daga Ilori, yana cewa Malam Direba a daure a taka, kasuwa za ta faɗi, yana yi masa alkawarin ƙarin na goro idan ya iso kafin asuba. Mai shanu na Oko-Oba da na Lokpanta haka. Idan motar ta kife a Ogbomosho, kwandunan da suka fashe ake fara ƙidayawa, sa'an nan a tambayi ko direba ya fita.

Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Shagamu da Sabon Badun, da shugabannin kasuwanni, suna sasanta rigimar aure da ta bashi kullum, kuma maganarsu tana da nauyi a wurin masu motocin da suke lodi a ƙofarsu. Suna da ikon su ce motar da za ta ɗauki kaya mai lalacewa zuwa nesa sai da direba biyu, kuma kada kasuwa ta yi hulɗa da mai motar da ya watsar da direbansa a gadon asibiti. Shi kuma uban da wani direba ya zo neman ɗansa ya bi shi mota, kafin ya ce Allah ya yi albarka, ya kira shaidu biyu a gaban Sarkin Hausawa a rubuta shekarun da yaron zai yi, da abin da za a riƙa ba shi kowane wata, da wanda zai biya kuɗin lasin, da wanda zai ɗauki nauyin magani idan taya ta fashe masa a hannu.